Yadda na zaɓa wa bindigar farautata madubi

Gonarmu tana gabas da Zariya, a kan hanyar da ta nufi Soba, kusa da fadamar kogin Galma, kuma tun ina saurayi nake zagaya ta da bindiga da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, sawun dabba ya fara fitowa a kan ƙura. Manyan namun daji sun daɗe da barin yankinmu, saboda haka abin da nake bi shi ne zabin daji da makwarwa da hasbiya, sai zomo idan an yi sa'a, da kuma kurege da gafiya waɗanda ba sa barin gyaɗa ta kwana lafiya a ƙasa. Bindigar da nake riƙewa ta iska ce mai sifirin, ƙirar Jamus, irin wadda ake karya bakinta a ɗana ta. Tana cin harsashin dalma mai kaurin milimita 5.5, nauyinta kuwa ya ɗan haura kilo 3. Iyakar inda nake yarda in yi harbi da ita mita 30 ne zuwa 35, domin daga nan ƙarfin harsashin ya ragu, iska kuma tana iya kautar da shi.

Shekaru da dama ƙarfen saitin da aka ƙera ta da shi ya ishe ni. Da na haura shekara 45 sai idona ya daina haɗa abubuwa uku a lokaci guda, wato tsagar saiti ta baya, da tsinin da ke bakin bindiga, da tsuntsun da ke can gaba. Idan na tsayar da ido a kan tsinin sai zabuwar ta dushe, idan na koma kan zabuwar sai tsagar ta ɓace mini. Likitan ido ya gaya mini cewa shekaru ne suka kawo haka, domin ƙwayar da ke cikin ido tana yin tauri har ta kasa sauyawa tsakanin kusa da nesa, tabaraun karatu kuma yana gyara na kusa ne ya ɓata na nesa. Madubin bindiga, wato bututun hangen nesa da ake ɗorawa a bayanta, yana warware wannan matsala saboda yana ajiye layukan saiti da ke cikinsa da hoton abin da za a harba a wuri ɗaya, ido ya gan su tare ba tare da wahala ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsoron jikkata tsuntsu ya gudu da rauni ya je ya mutu a cikin ƙaya. An hore mu da kyautatawa har a wajen yanka da kisa, kuma mai bindigar iska ba shi da hanyar kyautatawa sai ya sami kai ko ƙahon zuciya da harbi ɗaya.

Kafin in duba kowane madubi sai da na fara da maganar hukuma. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: akwai waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai na amfanin kai waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sannan akwai waɗanda ake ɗurawa ta baki irin adaka, da Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha yake ba da lasisinsu. Bindigar iska tana cikin gida na biyu, ko da yake mutane da yawa suna ɗaukarta abin wasan yara. Lasisina yana nan daram, amma duk da haka na je ofishin da nake sabunta shi na sanar da su abin da nake son ƙarawa a kan bindigar. Tun a nan na cire daga lissafina duk wani madubi mai gani cikin dare ko mai fitar da jan haske a jikin abin harbi, domin ba ni da buƙatarsu, kuma a halin da ake ciki a wajejen Giwa da Birnin Gwari, irin waɗannan kaya suna jawo wa mutum zargin da ba zai iya wanke kansa daga gare shi cikin sauƙi ba. Haka kuma shigo da kayan da suka shafi makamai daga waje yana buƙatar takardar izini daga Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, shi ya sa ban yarda da shawarar wani ɗan'uwana ba da ya ce zai sako mini ɗaya a cikin jakarsa idan zai dawo daga tafiya. Na yanke cewa wurin dila mai rajista zan saya, a ba ni rasit mai ɗauke da lambar kayan.

Daga nan na je wurin Sarkin Bakan ƙauyen da ke maƙwabtaka da gonarmu, dattijon da bai taɓa leƙa madubi ba a rayuwarsa, amma babu wanda ya kai shi sanin dajin nan. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, idona ya fara gajiya, ina so in ɗora wa bindigata madubi." Ya karɓe ta, ya ɗaga ta da hannu ɗaya a daidai gaban kunamarta, ya kai ta kafaɗa ya sauke, sannan ya ce, "Malam, wannan tana da daidaito a hannu, kada ka ɓata mata shi. Duk abin da ka ɗora mata, kai za ka ɗauke shi daga asuba har hantsi ya dubi ludayi. Kuma ka sani zabuwa ba ta jiran mai gyare-gyare." Da wannan magana na sami sharuɗɗa biyu, rashin nauyi da rashin yawan abin murɗawa, ni kuma na ƙara na uku, wanda daga baya na gane ya fi sauran wuyar samu: madubin ya riƙe saitinsa, inda ya nuna jiya nan zai nuna gobe.

Lambobin da ake rubutawa a jikin madubi ba su da wuyar fahimta. Idan an rubuta 3-9x40, ana nufin yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, faɗin gilashinsa na gaba kuma milimita 40 ne. Waɗanda suka fi yawa a hannun masu talla, kuma suka fi ɗaukar hankalin samari, su ne manya irin 6-24x50, dogaye masu kauri, masu wuta ja da kore da makunnan murɗa saiti a kowane gefe. Na zauna na yi lissafin abin da nake buƙata da gaske. Zabuwar da ke nisan mita 30, idan an kusanto da ita ninki 4, za ta zama kamar tana mita 7 da rabi, a ninki 7 kuwa kamar tana mita 4 da ɗan kai. Mutumin da bai ga kan zabuwa a wannan tazara ba, ƙarin ninki ba zai taimake shi ba. Sannan duk yadda aka ƙara ninki, haka filin da ido yake gani yake tsukewa. Madubi a ninki 2 yana nuna fili mai faɗin kimanin mita 14 a nisan mita 100, a ninki 24 kuwa faɗin bai kai mita 2 ba, ke nan a mita 30 abin da za ka gani kusan rabin mita ne kawai. Makwarwa tana tafe tana kiwo a cikin karan dawa, kafin ka nemo ta a cikin wannan ɗan fili ta shige. Bugu da ƙari, madubi ba tsuntsu kaɗai yake ninkawa ba, yana ninka rawar hannu da bugun zuciya da numfashi, ni kuma yawancin harbina a tsaye nake yinsa ko a durƙushe, ba tare da abin ɗora bindiga ba. Hazon hunturu da rawar da iska take yi a kan ƙasa a zafin Maris da Afrilu su ma suna ƙara fitowa ne idan ninkin ya yi yawa. Da wannan na tsaya a kan ɗaya daga cikin biyu, ko 2-7x32 ko tsayayyen 4x32 wanda ba a murɗa shi.

Maganar nauyi ba na so in dogara da abin da ke rubuce a takarda kawai, ko da yake takardun sun ba ni iyaka. Madubin kamfanin Leupold na Amurka mai lamba 2-7x33 bai wuce kimanin giram 315 ba, mai 3-9x40 kuma kimanin giram 345. Na kamfanin Vortex mai 2-7x32 yana wajen giram 400. Manyan nan masu 6-24x50 kuwa sukan kai giram 650 ko su wuce, ba a ma haɗa da mazauninsu ba. A takarda bambancin giram 300 ba ya kama da abin damuwa, saboda haka na ɗura yashi a cikin safa biyu, na auna su a sikelin uwargida na kicin, ɗaya giram 450 ɗaya giram 850, wato kwatankwacin ƙaramin madubi da babba tare da mazauninsu. Na ɗaure kowace a bayan bindigar da roba, na zagaya gonar da ita kamar yadda na saba. Da mai nauyin, tun kafin in kai bakin fadama hannuna na hagu ya fara sanarwa, kuma idan na kai bindigar kafaɗa sai in ji tana son karkata gefe saboda nauyin ya koma sama. Da ƙaramar kuwa daidaiton da Baba ya yi magana a kansa bai tafi ba, har ma na lura cewa ɗan ƙarin nauyin yana rage wa bakin bindigar rawa. Wannan ya nuna mini cewa ba lalle ne in bi mafi sauƙin nauyi a duniya ba, abin da nake nema shi ne madubi da mazauninsa kada su wuce giram 600. Akwai kuma wata illa ta babban gilashin gaba da ba a cika faɗa ba. Mai milimita 50 dole a ɗaga shi sama da dogayen zobba don kada ya taɓa bindiga, idan an ɗaga shi kuma kuncin maharbi ba zai zauna a kan katako ba, sai ya riƙa ɗaga kai yana neman hoto, kuma kan da bai zauna wuri ɗaya ba ba ya ba da harbi iri ɗaya.

Abin da ya sa na ɗan yi jinkiri shi ne haske, tunda zabi da makwarwa da sassafe suke fitowa da kuma gab da magariba, masu talla kuma suna cewa babban gilashi ya fi tara haske. Akwai gaskiya a ciki, amma tana da iyaka. Idan ka raba faɗin gilashin gaba da yawan ninki za ka sami faɗin hasken da ke fitowa ta baya ya shiga ido. Gilashi mai milimita 32 a ninki 4 yana ba da milimita 8, a ninki 7 kuma kimanin 4 da rabi. Baƙin idon saurayi a cikin duhu yana buɗewa zuwa kimanin milimita 7, na mai shekaru irina kuwa da wuya ya wuce 5. Ke nan a ninki 4 zuwa 6, inda zan fi zama, madubi mai 32 yana ba idona duk hasken da zai iya karɓa, saura kuma asara ne. Abin da ya fi faɗin gilashi tasiri shi ne shafen da aka yi masa. Kowace fuskar gilashi da ba a shafe ba tana mayar da kimanin kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata, a cikin madubi ɗaya kuma fuskokin gilashi sukan haura 10. Tun 1935 wani masani mai suna Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya fito da dabarar shafa wa gilashi wani siririn sinadari da ke rage wannan asara, kuma har yau ita ce ta raba madubi mai kyau da na banza. Na koyi in nemi wanda aka bayyana cewa an shafe dukkan fuskokin gilasansa shafe da yawa, ba na waje kaɗai ba.

Inda na fi daɗewa ina bincike shi ne riƙe saiti, domin a nan bindiga irin tawa take da wani hali da mutane da yawa ba su sani ba. Bindigar albarushi idan ta tashi baya kawai take yin shuri, kuma yawancin madubai an ƙera su ne su jure bugu ta wannan fuska. Bindiga mai sifirin kuwa bugu biyu take yi cikin ƙiftawar ido. Da ka ja kunama, sifirin yana tura fistin, wato ƙarfen da ke matsa iska, gaba, bindigar ta ja baya. Sai fistin ya je ya tsaya kwatsam a ƙarshen bututun iska, bindigar ta fizga gaba, sifirin kuma ya ci gaba da karkarwa. Wannan fizgar ta gaba ita ce take kwance zobban da ke riƙe gilasai a ciki, ta tsinka siririn wayar layukan saiti, ta raunana ƙaramin sifirin da ke tokare bututun ciki wanda makunnan saiti suke turawa. Shi ya sa za ka ga madubin da ya yi shekaru lafiya a kan babbar bindigar albarushi ya lalace a kan bindigar iska da ake ganin ba ta da ƙarfi. Na ga irin haka a hannun wani abokin farautata a Basawa. Madubinsa yana da kyan gani, amma idan ka girgiza shi kusa da kunne za ka ji wani abu yana motsi a ciki, layin da ya kamata ya tsaya a miƙe kuma ya karkace, kuma ya ce mini duk harbi goma sai saitin ya gusa. Tun daga ranar na sa wa kaina doka cewa ba zan sayi madubin da kamfaninsa bai rubuta ƙarara cewa yana jure bindiga mai sifirin ba, komai sunansa komai kyansa.

Akwai wani abu kuma da ya shafi mai harbi a kusa. Kowane madubi akwai nisan da aka daidaita shi a kai, inda hoton abin harbi yake faɗawa daidai kan layukan saiti. Na manyan bindigogi galibi a yadi 100 ake tsayar da su ko sama da haka, na ƙananan bindigogin albarushi kuma a yadi 50 ko 60. Idan ka yi amfani da wanda aka tsayar a yadi 100 ka auna abu a mita 15, hoton ba zai fito tas ba, kuma idan ka ɗan motsa kanka za ka ga layukan suna yawo a jikin abin ko da bindigar ba ta motsa ba. A kan ƙirjin barewa wannan ba komai ba ne, amma a kan kan makwarwa shi ne bambancin samu da kuskure. Maganinsa madubi mai zoben da ake murɗawa a gilashin gaba, wanda yake saukowa har mita 10. Wannan zobe yana ƙara ɗan nauyi, kuma abin murɗawa ne, wanda Baba ya gargaɗe ni a kansa, amma na ga cewa zan iya tsayar da shi a mita 25 in bar shi a nan, ba sai na taɓa shi a daji ba.

Yanayin Zariya shi ma ya shiga lissafi, ko da yake a nan ban sha wahala ba. Muna da ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, da zafin bazara, da raɓar asuba a fadama, da laimar Agusta mai sa gilashi ya yi fumfuna a cikin akwati. Madubin kirki ana fitar da iskar da ke cikinsa a cika shi da busasshiyar iskar naitirojin, a toshe mahaɗansa da zobban roba, don kada tururi ya taru a ciki. Bututu mai kaurin inci 1 ya ishe ni, mai milimita 30 nauyi kawai zai ƙara mini. Wajen layukan saiti na duba irin wanda Leupold ya fito da shi a 1962, mai kauri a gefe siriri a tsakiya, wanda yake jan ido zuwa tsakiya ko da haske ya yi ƙasa, amma na fi karkata ga mai ɗige-ɗige a ƙarƙashin mahaɗar, saboda harsashin dalma yana saurin sunkuyawa kuma ɗigon yana ba ni wurin ɗorawa idan nisa ya ƙaru. Wutar da ke haska layukan ban neme ta ba, batir ne da zai mutu ranar da ake buƙatarsa, da kuma wata ƙofa da ruwa zai iya bi.

Da na je wurin dilan, na tafi da sikelin nan da ƙaramar tocila. Na riga na san cewa jabu sun cika kasuwa, ana buga sunayen manyan kamfanoni a jikin madubin da ba su san da shi ba, kuma alamar farko ita ce farashin da ya yi sauƙi fiye da kima; araha dai ba ta ado. Na ce masa, "Alhaji, ina son wanda zai zauna a kan mai sifirin, kuma ina so ka bar ni in duba shi a waje." Bai yi musu ba. Ya fito mini da guda uku, na fita da su bakin shagon. Na fara da duba lambar da ke jikin kowanne in ga ta yi daidai da ta kwali. Na haska tocila ta gilashin gaba na leƙa ciki, ina neman ƙura ko ɓurɓushin fenti ko zanen yatsa, a ɗayansu kuwa na ga ɗan ƙyallin ƙarfe a gefen bututu inda ya kamata a ce baƙi ne ƙirin, na ajiye shi. Na riƙe sauran nesa da fuskata ina kallon farin bango, in ga ko da'irar hasken da ke bayansu cikakkiya ce ba ta da gefen da ya yanke. Sannan na auna wani allon talla da ke tsallaken titi, na karanta ƙananan rubutunsa da tsakiyar gilashin, na sake karanta su da gefe, domin madubi mai arha tsakiyarsa takan yi kyau gefensa ya yi dishi-dishi. Na juya na fuskanci ɓangaren da rana take, ba tare da na kalle ta ba, in ga wanda hotonsa zai yi fari ya wanke. Na cire murfin makunnan saiti na murɗa su a hankali kusa da kunnena. Na ɗaya taku-takunsa a fili suke, kowanne da ƙararsa, na ɗayan kuwa laushi gare su, ba ka sanin inda taku ya ƙare. Na kuma gwada tazarar da ke tsakanin ido da gilashin baya, wadda ya kamata ta kai santimita 8 ko 9 ba tare da hoton ya tsuke ba, abin da ke da muhimmanci gare ni tunda wani lokaci da tabarau nake fita.

Wanda ya tsallake duk wannan shi ne 2-7x32 na kamfanin Hawke na Ingila, wanda ya yi suna wajen madubin bindigogin iska, mai zoben daidaita nisa a gaba. A sikelina ya tsaya wajen giram 400. Na san akwai kamfanonin da ke ba da garantin gyara na tsawon rayuwa, amma ban bar wannan ya ja ni ba, domin mutumin da ke Zariya kafin ya aika madubi Amurka ya dawo an yi wata damina. Na fi son wanda ba zai buƙaci garantin ba, da dilan da zan iya komawa wurinsa in same shi. Ban yi ƙwauron kuɗin mazauni ba. Na ɗauki mai haɗe guda ɗaya wanda yake kama layin milimita 11 da ke bayan bindigar, mai ɗan ƙusa a ƙasa da ke shiga ramin da aka tanada, domin idan babu wannan ƙusa fizgar sifirin tana sa mazaunin ya riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan har saitin ya tafi, a ɗora wa madubi laifin da ba nasa ba. Gaba ɗaya sun tashi kimanin giram 540.

A gida na goge layin bindigar da sifirit don cire maiƙo, na zaunar da mazaunin, na ɗora madubin ban ɗaure ba. Na rufe ido na kai bindigar kafaɗa yadda na saba, na buɗe, na riƙa matsar da madubin gaba da baya har ya zama duk lokacin da na buɗe ido cikakken hoto nake gani. Na rataye igiya mai dutse a reshen darbejiya na daidaita layin tsaye da ita don kada ya karkace. Na kalli sararin sama na murɗa gilashin baya har layukan suka fito baƙi sosai ga idona. Sukurorin zobba na ɗaure su bi da bi, kaɗan a nan kaɗan a can, ban matse su da ƙarfi ba, domin matsi mai yawa yana lotsa bututu ya hana kayan ciki motsi. Daga ƙarshe na ja siririn layi da fensir a jikin bututun daidai bakin zobe, wanda zai tona asiri idan madubin ya zame.

Saitin a gona na yi shi, da sassafe kafin iska ta tashi, na jingina kwali a jikin wani babban suri don harsashi ya sami wurin tsayawa. Na fara a mita 10 don in tabbatar ina kan takarda, sannan na koma mita 25. Taku ɗaya na makunnin yana gusar da harbi kimanin milimita 7 a nisan mita 100, ke nan a mita 25 bai kai milimita 2 ba, saboda haka gyaran santimita 3 yana cin taku 16 ko 17, abin da yake rikita wanda bai yi lissafi ba har ya ce madubinsa ba ya ji. Ban ɗora bindigar a kan abu mai tauri ba, a tafin hannuna ta kwanta a kan buhun yashi, domin mai sifirin tana son a bar ta ta yi motsinta iri ɗaya kowane harbi. Ina harba biyar in duba tsakiyar inda suka taru, sannan in gyara. Da saitin ya zauna sai na gwada gaskiyar makunnan: taku 20 sama na harba, 20 dama na harba, 20 ƙasa, 20 hagu. Ramukan suka fitar da murabba'i mai kimanin santimita 3 da rabi kowane gefe, harbin ƙarshe kuma ya koma inda saitin yake tun farko. Bayan haka na ƙarar da gwangwanin harsashi guda mai 500 a kan takarda kafin in auna wani abu mai rai, ina duba layin fensir da sukurori lokaci-lokaci, saitin bai gusa ba.

Gwajin ya nuna mini cewa daga mita 10 zuwa kimanin 27 harsashin ba ya kauce wa mahaɗar layukan da fiye da santimita 1, a mita 35 kuwa yana sauka ƙasa da santimita 4 zuwa 5. Na rubuta wannan a 'yar takarda na manna a jikin katakon. A daji madubin yana zaune a ninki 4, zoben gaba a mita 25, ba na taɓa komai sai idan na sami kututturen da zan jingina in kai shi 6. Tunda madubi yana tsuke abin da ido ke gani, na saba wa kaina in duba bayan abin harbi da idanu biyu kafin in kai bindiga kafaɗa, domin bayan girbi shanun Fulani da yaran da ke kiwonsu suna cikin kowace gona, kuma ba na leƙa mutum ko wani motsi da ban gane ba ta cikin madubin, tunda duk inda ya kalla nan bakin bindiga ya kalla. Ranar da zan fita ina sanar da mai unguwa da 'yan sintiri, lasisi da rasit kuma suna aljihuna. Ƙurar hunturu ba na goge ta da bakin riga, hura ta nake yi da 'yar robar hura iska sannan in bi da tsumma mai laushi, domin yashin da ke cikinta yana kankare shafen gilashi. Idan damina ta kama, tsuntsaye suka shiga ƙwai da renon 'ya'ya, ina ajiye bindigar a akwati tare da ƙullin sinadarin da ke tsotse laima, kuma idan kaka ta zagayo ba na fita sai na koma gaban surin nan na harba biyar a mita 25 na ga inda suka taru.